Bayan Farar Riga da Hotuna: Abin da Ke Jiran Mai Digiri in Ya Dawo Sanyinna

Duk ƙarshen zangon karatu sai Facebook da TikTok su cika da hotunan ɗalibai sanye da fararen riguna, abokai na rattaba musu hannu da alƙalami mai launi, ana ihu ana "mun gama!". Abin da ba a ɗorawa shi ne hoton shekara biyu bayan nan, lokacin da aka cire kakin bautar ƙasa, alawus ya tsaya, mutum ya dawo ɗakinsa a Sanyinna ko Kebbe, kowa ya gan shi sai ya ce: "To, ina aka samu aiki?"

In ka zauna da yayyenmu da suka riga mu fita, za ka ji maganarsu kusan ɗaya ce. Ba su yi nadamar karatun ba. Abin da ke cin ransu shi ne lokacin da ya wuce a banza suna jiran satifiket, alhali a cikin shekarun nan ne ya kamata a aza harsashin sana'a.

Karatun shekara huɗu da ya zama shida

Duk wanda ya shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato wajen 2018 ko 2019 ya san wannan labari. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tafi yajin aiki daga Maris har Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 aka sake rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata tara da wata takwas, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan ɗalibi na zaune a gida.

Wannan asara ba ƙarama ba ce. Bankuna da kamfanoni da yawa kan sa iyakar shekaru in za su ɗauki sabbin ma'aikata, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, takardar ɗauke masa bautar ƙasa ake ba shi. Amma a watannin nan ne aka rabu gida biyu. Wani ya koyi gyaran waya ko haɗa sola, wata ta koyi ɗinki ko tsara hotuna a kwamfuta, wani ya kama gonar rani gadan-gadan. Wasu kuwa majalisa da caja suka cinye musu watannin. Yau duka suna riƙe da digiri iri ɗaya, sai dai aljihunsu ba ɗaya ba.

Shekarar kaki

Hukumar NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ita ce ke ba yawancinmu kuɗin wata na farko a rayuwa. Daga Maris 2025 alawus ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000. Kuɗi ne mai daɗin ji, amma na wata goma sha biyu ne kacal, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci sun ci rabonsu.

A sansanin mako uku, irin na Wamakko, akwai shirin koyar da sana'o'i da ake kira SAED. Da yawa suna ɗaukarsa lokacin gyangyaɗi a ƙarƙashin rumfa. Sai an karɓi takardar sallama ake tuna cewa ashe abin nan kyauta ne aka bayar. Haka SIWES, watannin sanin makamar aiki da ake tura ɗalibi tun yana makaranta. Ɗalibin aikin jarida da aka tura Rima Radio ko NTA Sakkwato, in ya tsaya ya koyi rubuta labari da tace murya, ya fito da abin nunawa. In kuwa sa hannu a littafi kawai ya kai shi, to sa hannun ya samu.

Ofis nawa ne a Sakkwato?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babban mai ɗaukar ma'aikata a jiharmu gwamnati ce: ma'aikatu, asibitoci, makarantu da ƙananan hukumomi 23. Manyan masana'antu irin kamfanin simintin BUA da ke Kalambaina ba su da yawa. Ga Danfodiyo da aka kafa tun 1975, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, duk suna yaye ɗalibai. Kujerun ofis ba za su ishe mu ba, ko da kowa na da uban gida.

Shi ya sa komawa gida bai kamata ya zama abin kunya ba. Yankin Tambuwal da Kebbe yanki ne na noma, damina da rani, ga kiwo ga su. Manomin albasa na sayar da ita da arha lokacin kaka don tsoron ruɓewa, bayan 'yan watanni farashi ya yi sama a hannun wani. Wanda ya karanta aikin gona yana da abin cewa kan ajiya. Wanda ya karanta lissafin kuɗi zai iya riƙe wa ƙungiyar manoma littafi. Mai aikin jarida na iya haɗa mai kaya da mai saye a Legas ko Fatakwal ta WhatsApp. Iliminka bai lalace don ka taka laka ba.

Ga mu da ke ciki har yanzu

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ki bari sai ranar farar riga. Karanta littafinki da kyau, domin sakamako mai kyau har gobe yana buɗe ƙofa, musamman ta tallafin ƙaro karatu. Amma ki haɗa da sana'a guda wadda wani zai iya biyan ki a kanta tun kafin ki gama. Kai ma ka riƙa ajiye shaidar aikinka: labarin da ka rubuta, bidiyon da ka tace, buhunan da ka noma. Ka girmama abokan ajinka, don sau da yawa labarin aiki daga bakinsu yake fitowa. In an fara biyan alawus, ka ware wani abu duk wata kamar ba naka ba.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi don mu zauna a aji. Ba hoton hula da riga kaɗai suke jira ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma hutun da ke tafe ya isa a fara.