Riƙon Naƙasasshen Kare a Aboabo: Daga Ina Ake Farawa?

A Turai da Amurka, idan aka ce mutum ya ɗauki karen ceto, ana nufin ya je gidan da ake tara karnukan da suka ɓata ko masu su suka yar, ya cika takarda, aka ba shi ɗaya. Al'adar ta daɗe. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe irin wannan gida a Landan, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, kuma har yau yana aiki. Kafin kare ya bar irin wannan wuri, likita ya duba shi, an yi masa allurai, an san ciwonsa da halinsa.

A Aboabo, cikin zangon Kumasi, yawanci ba haka abin yake zuwa ba. Yaro ne zai shigo da kwikwiyon da ya tsinta a bakin kwata bayan an ɗauke ruwa, ko a tarar da ƙaramar karya kwance gefen titi, aboboya, babur mai taya uku, ya taka mata ƙafa. Ba wanda ya san uwarta, balle a ce an taɓa yi mata allura. Duk aikin da gidan Landan yake yi kafin ya miƙa kare, a nan kan wanda ya tsinta yake faɗawa.

Akan kira irin waɗannan karnuka ruwa-biyu, wasu kuma haka ɗin ne. Sai dai wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2009, kan karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya, ya nuna da yawansu tsohon iri ne na Afirka mai zaman kansa. Gajeren gashi da ƙaramin jiki suna taimaka musu jure zafi, amma ba sa kare su daga cuta.

Cutar da ake fara tunani ita ce haukan kare. Ƙwayarta tana cikin yawu, tana shiga ta cizo ko yakushi, sannan ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da ita kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shi ya sa karen da aka tsinta ba ya shiga hannun yara a ranar farko. A keɓe shi, a kai shi wurin likitan dabbobi. A Kumasi akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Amakom, akwai kuma makarantar koyon likitancin dabbobi a jami'ar KNUST. Ana yi wa kwikwiyo allurar hauka daga wata 3, a kuma riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara.

Akwai wani wuri da ake yawan ruɗewa. An saba jin cewa a lura da karen da ya yi cizo kwana 10. Abin da kwanakin nan suke nunawa shi ne ko yana ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Ba sa tabbatar da cewa babu ƙwayar da ke kan hanya a jikinsa, don haka ido yana kansa har wasu watanni. Idan kuwa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, Manhyia ko Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa, ba tare da jiran ganin abin da zai faru da karen ba.

Bayan hauka sai cututtuka biyu masu kashe 'yan kwikwiyo. Fabo, wadda ta bazu a duniya a 1978, tana kawo amai da gudawar jini, kuma ƙwayarta tana yin watanni a ƙasa. Distamfa kuwa tana farawa da majina da kwantsa, ta ƙare a jijiyoyi. Karen da ya tsira daga gare ta yakan rage da wani motsi da ba ya tsayawa: ƙafa ɗaya tana zillo, ko muƙamuƙi yana karkarwa, ko da yana barci. Wanda bai sani ba sai ya ce hauka ne, a ɗauko sanda. Alhali tabon tsohon ciwo ne, kuma idan bai tsananta ba kare yakan rayu da shi shekaru. Likita ne zai bambance.

Naƙasar da ido yake gani, wadda ta fi tsorata mutane, sau da yawa ita ce mai sauƙi. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, saboda haka rashin ƙafar baya ya fi sauƙin jurewa, ƙaramin kare kuma ya fi babba saurin sabawa. Abin kiyayewa kawai kada ya yi ƙiba. Makaho da hanci da kunne yake tafiya. Yakan haddace tsakar gida, muddin ba a riƙa sauya wa kwanonsa da shimfiɗarsa wuri ba, a kuma yi magana kafin a taɓa shi. Kurma yana koyon alamar hannu, amma ba ya jin babur, don haka ba ya fita sai da igiya.

Wanda bayansa ya shanye shi ne mai aiki sosai. Wani ba ya iya fitsari da kansa, sai an matsa masa mafitsara sau da dama a yini, kuma likita ne zai koya wa hannu yadda ake yi. Jan jiki a siminti yana cinye fata. Ga kuma danshin Kumasi: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki. Sai a ga ƙurji kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, idan aka ƙura ido a ga abu yana motsi. Ana toshe ramin da basilin don tsutsar ta rasa iska ta leƙo, sannan a matso ta a hankali. Busasshiyar shimfiɗa a kan katako ita ce rigakafi. Keken da zai ɗauke masa baya kuwa, mai walda ko mai aikin famfo zai iya haɗa shi da bututun roba da ƙananan tayoyi.

Kaska da ƙazuwa da tsutsar ciki duk suna da magani a wurin likita. Baƙin mai da wasu ke shafa wa mai ƙazuwa yana ƙona fata, kare kuma ya lashe shi. Maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, yana iya lalata masa ciki da ƙoda. Ragowar tuwo da ƙanzo ba laifi idan an haɗa da kifi ko nama, amma albasa mai yawa tana fasa masa ƙwayoyin jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji.

Saura maganar addini, wadda a zango ba a tsallake ta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. Hadisai sun yi izinin ajiye kare don farauta, kiwo da gona, malamai da yawa suka haɗa da gadin gida idan akwai bukata. An kuma ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake shi ya sa ake yi masa wuri a waje.

A ganina, abin da ke yanke hukunci shi ne gidan da za a kai shi. Gidajen Aboabo da yawa na haya ne, iyalai da dama a tsakar gida ɗaya, butocin alwala a jere, tabarmar salla a shimfiɗe. Wanda zai riƙi kare a nan ya fara neman yardar maigida da maƙwabta, ya keɓe masa lungu nesa da ruwan alwala, ya ajiye katin allurarsa inda zai nuna wa duk uban da ya tambaya. Ya kuma yi lissafin shekara 10 ko fiye, da wanda zai kula da shi idan tafiya ta kama. Idan hakan ba zai yiwu ba, ya yi masa jinya har ya warke, a yi masa allura da aikin hana haihuwa, sannan ya nemo masa mai gona ko mai shingen dabbobi a bayan gari wanda ya ga naƙasar da idonsa ya ce ya karɓa.