Taswirar Da Aka Zana Da Idon Shirwa

Yau za mu yi magana a kan wata tsohuwar taswira ta garin Oklahoma, a ƙasar Amurka.

Ran 22 ga Afrilu, 1889, gwamnatin Amurka ta buɗe wani yanki domin baƙi su zauna. Da tsakar rana aka ba da alama, mutane suka kwasa a guje, wasu bisa dawaki, wasu cikin jirgin ƙasa, kowa na neman fili. Kafin faɗuwar rana dubban mutane sun kafa tantuna a wurin.

A shekarar 1890 wani mai zane, T. M. Fowler, ya zana garin kamar yadda shirwa take hangensa daga sama. To, a lokacin babu jirgin sama, gama sai 1903 aka fara tashi da shi. Yaya ya yi ke nan? Da ƙafa ya yi. Masu wannan sana'a sukan bi titi titi, suna zana kowane gida da kanti da coci. Sa'an nan su shimfiɗa titunan a takarda bisa ƙa'idar hange, watau abin da ke kusa ya fito babba, na nesa kuwa ya ƙanƙance. Daga nan su dasa kowane gini a mazauninsa.

Wajen bugawa kuwa, akan zana hoton a kan lallausan dutse da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen. Da yake mai da ruwa ba su haɗuwa, tawada sai ta kama wurin zanen kaɗai. A ɗora takarda a danna.

Amma fa a lura. Attajiran gari su ne masu sayen irin waɗannan taswirori, domin su jawo baƙi da kuɗi. Saboda haka sau da yawa akan ƙawata gari, a ƙara masa jirage da hayaƙin masana'antu. Kuma taswirar ba ta nuna cewa ƙasar nan dā ta kabilun Kirik da Seminol ce, waɗanda aka raba su da ita.

Saboda haka in an miƙa muku taswira, ku tambaya wa ya zana ta, wa kuma ya biya.