Giram Goma a Bayan Inji: Kafin Ka Sauya wa Tsohuwar Fijo Inji

Yaron da ya tashi a kudancin kogin Kaduna ya san Fijo tun kafin ya san karatu. Daga Unguwar Romi zuwa Kakuri ba wata tafiya ba ce, kuma a Kakurin ne kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006. Shi ya sa har gobe, idan ka leƙa garejojin Romi da Sabon Tasha da Gonin Gora, ba ka rasa wata 504 da aka ɗage wa bonet, maigidanta na tsaye a gefe, ya rantse ba zai sayar ba. Wani ta mahaifinsa ce. Wani da ita ya ɗauko amaryarsa.

Jikin motar yakan jure. Inji ne ke gajiya. An sauya ringi, an sauya silif, an sauya metal, har bakanike ya ce, "Alhaji, gaskiya wannan ya ci kuɗinsa." Daga nan sai a fara shawarar ɗora wani injin, galibi ɗan Kwatano na Toyota ko Nissan. Za a yi ta cacar baki a kan farashi, da wayarin, da inda za a kafa kujerun inji. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɓoye tsakanin inji da giya, wanda makanikai ke kira filawil. A ganina a nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya riga ya san aikin filawil. Mazari sanda ce siririya. Da ita kaɗai ce, ana murza ta za ta tsaya. Gululun yumɓun da ke gindinta shi ke riƙe juyin, ya ci gaba da wulwulawa bayan yatsu sun saki. Inji ma haka yake. Fistan ba ya tura karanshaf kowane lokaci: cikin motsi huɗu da yake yi, ɗaya ne kawai mai wuta, sauran ukun shaƙa ne da matsewa da fitar da hayaƙi. Filawil ne ke karɓar ƙarfin bugun nan guda ya adana, ya raba wa sauran. Dubi manyan ƙafafun da ke gefen tsohon injin niƙa, su ma aikinsu ke nan. A mota kuma an ƙara masa wasu ayyuka biyu. Fuskarsa ce faifan kuloci ke kamawa, sannan zoben haƙoran da ke bakinsa shi kik ke cizo ya tayar da inji.

To me ke kawo taɓa shi? Ita 504, a yawancin samfurorinta, giyarta a haɗe take da difaranshiyal ta wani bututun ƙarfe da furofela ke juyawa a cikinsa. Sauya giyar babban aiki ne, don haka mutane da yawa sukan so su bar ta, su kawo baƙon inji su aura mata. Nan rigima take. Bayan filawil dole ya dace da karanshaf na sabon inji, gabansa kuma dole ya dace da kuloci da sandar tsohuwar giya. Yawan notuna na iya bambanta, haka faɗin ramin tsakiya, haka yawan haƙora da wurin zaman kik. Akwai kuma ɗan ƙaramin boris ko bushin da ke cikin gindin karanshaf, inda kan sandar giya ke shiga ya zauna; in ya yi mata yawa sandar ta riƙa lilo, in ya matse ta giya ta ƙi shiga. Ƙari a kan haka, injinan Kwatano da yawa daga motoci masu otomatik aka ciro su, kuma abin da ke bayansu wani siririn faranti ne da ba shi da fuskar da kuloci zai kama.

Sai a kwashi filawil a nufi wurin mai injin feƙe ƙarfe, a Panteka ko wani wurin. Ba na raina masu wannan sana'a. Akwai hannaye a garin nan da za su fitar maka da abin da kamfani ya daina yi shekara talatin. Amma mai feƙe abin da aka ce ya yi shi zai yi, kuma sau da yawa abin da ake ce masa shi ne, "Oga, a buɗe tsakiyan nan, a huda sababbin ramuka, gobe muke so."

Ga lissafin da ya kamata mai mota ya riƙe. A ce bayan an gama aiki, gefe ɗaya ya fi ɗayan nauyi da giram 10 kacal, wato bai fi wani ɗan ƙaramin noti ba, kuma rarar tana bakin faifan, santimita 15 daga tsakiya. Idan inji na juyi 3,000 a minti, irin tafiyar da ake yi a hanyar Abuja, wannan giram 10 yana fizgar karanshaf da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 15, kuma fizgar tana zagayawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan aka ninka juyin zuwa 6,000, fizgar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi: kilo 60, fiye da buhun siminti. Metal na baya ne ke shan wannan duka, sai oyilsil ya fara zubar da mai, sai notunan gidan kuloci su riƙa kwancewa, sai sitiyari da liba su kama rawar mazari. Mai mota zai sauya kujerun inji sau uku, ya zagi wanda ya sayar masa da inji, alhali ciwon yana wani wuri. A wancan juyin kuma, bakin faifai mai faɗin santimita 30 yana gudun da ya haura kilomita 330 a awa, tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙafar direba.

Wannan ne ya sa walda a jikin filawil take tayar mini da hankali. Yawancin na tsofaffin motoci ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke kira kas. Yana jure zafi da gugar kuloci, amma ba ya lanƙwasa; in ya gaji fashewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Wutar walda tana ƙona gefen da ta taɓa ya yi tauri, ta bar tsagar da ido ba ya gani. Na sha jin ana cewa a cike tsofaffin ramuka da walda a huda wasu a kusa da su. Wurin nan kuwa shi ne ke ɗauke da dukan ƙarfin inji. A ƙasashen da ake tseren motoci, dokar tsere takan tilasta sa garkuwar ƙarfe a kewaye da kuloci, saboda an ga filawil ya tarwatse ya keta jikin mota. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a nemo filawil na manuwal na shi sabon injin, tunda an ƙera shi don wannan karanshaf ɗin, sai a daidaita kuloci da shi: a samo faifan da haƙoran tsakiyarsa suka dace da sandar giyar Fijo. In hakan ya gagara, a feƙe sabo daga dunƙulen sitil. Ya fi tsada, ba musu.

Idan dole sai an taɓa tsohon, ramin tsakiya shi ne rai. Ba notuna ne ke tsayar da filawil a tsakiya ba, wuyan karanshaf ne da ke shiga ramin ya zauna cif. In ramin ya yi faɗi ko ya karkace da rabin milimita, dukan faifan mai kilo takwas ko goma ya koma gefe, kuma wannan ya fi giram goman da muka lissafa muni nesa ba kusa ba. Bayan an ɗaura, a kafa agogon awo a juya inji da hannu a ga ko fuskar tana lilo. Littattafan motoci da yawa ba sa yarda ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita.

Daidaita nauyin kansa ba sihiri ba ne. Kowa ya san balansin taya. Abu ɗaya ne, sai dai a taya dalma ake liƙawa, a filawil kuwa ragewa ake yi. Inda babu injin awo, ana zura sanda madaidaiciya a tsakiyar faifan, a ɗora ta a kan ƙarafa biyu masu kaifin baki da aka daidaita da ma'aunin magina. Gefen da ya fi nauyi zai gangara ƙasa. A yi masa alama da alli, a ɗan huda rami marar zurfi kusa da baki, a sake gwadawa, har sai faifan ya tsaya duk inda aka bar shi. Wanda ya duba bayan filawil na kamfani zai ga irin ramukan nan, ba ado ba ne. Daga nan a ɗaura murfin kuloci a sake aunawa tare, a buga wa su biyun alama don kada yaron gareji ya juya shi ranar da za a sauya faifai. In da halin kai wa injin awo mai juyawa, ya fi.

Akwai wani tarko kuma. Injinan silinda huɗu irin na Fijo galibi karanshaf ɗinsu a daidaice yake shi kaɗai, don haka filawil ma daidaitacce ake so. Amma wasu injinan da gangan aka bar wa filawil nauyi a gefe ɗaya don ya cike gurbin karanshaf. Injin Ford 302 na Amurka misali ne sananne: nauyin ya canja a wajen 1981, kuma na kafin lokacin ba ya zama a na bayansa ko da notuna sun shiga. Wasu tsofaffin injinan Marsandi ma tare aka auna karanshaf da filawil a masana'anta, shi ya sa ake buga alama kafin a kwance. Sababbin injina kuma da yawa a jikin filawil ɗin ne haƙoran da sansa ke ƙirgawa suke, don birenbos ta san lokacin ba da wuta. Ka sa wani daban, kik zai yi ta juyi har batir ya mutu. Shi kuwa filawil mai ɓari biyu da sifirin a ciki, wanda ya fara shiga motoci a 1985, ba a kai shi wurin feƙe. In ya lalace sauyawa ake yi.

Samari na son a rage wa filawil nauyi don inji ya riƙa amsa totur da sauri. Yana amsawa kuwa. Amma silo zai yi gargada, kuma wagon da aka cika da buhunan citta daga Kachia za ta riƙa mutuwa duk sanda aka saki kuloci a hawa. Motar gida ba ta bukatar wannan.

Notunan filawil kuma a sa nasa na asali, sababbi in an samu, a ɗaure da sifana mai awo bisa adadin da littafin injin ya faɗa, ba da bututu da ƙarfin ƙato ba. Kai kuma mai mota, ranar da za a rufe giya ka zo gareji da kanka. Ka ce a nuna maka filawil ɗin gaba da baya, ka tambaya wa ya feƙe shi, a ina aka auna nauyinsa. In ka ga tabon walda kusa da ramukan notuna, ka ce a sauke shi.