Idan Esin Mota Ya Daina Sanyi: Abin da Ya Kamata Uwargida ta Sani

Duk wadda ta taɓa maƙalewa a cunkoson Mandawari ko hanyar Kasuwar Kurmi a watan Afrilu, ga zafi ya haura digiri 40, ga jariri a cinya yana tsala kuka, ta san amfanin esin mota. Sai dai da zarar ya daina sanyi, maganar da za ki fara ji a gareji ita ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare." A zuba, ki biya, bayan mako biyu a koma gidan jiya.

To ki sani, gas ɗin esi ba kamar fetur ba ne da injin yake ƙonewa. Zagayawa yake yi cikin rufaffun bututai, don haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo. Sai ki ce wa mai gyara ya fara nemo ɓular tukuna, ko da ruwan kumfar sabulu ne, ya toshe ko ya canza abin da ya lalace, sannan a zuba. Galibi inda yake tsiyaya za a ga maiƙo ya kama ƙura a mahaɗar bututun. Kuma ki sa a ɗaga murfin injin a duba takardar da kamfani ya manna: yawancin motocinmu na Kwatano da aka ƙera daga wajejen 1995 suna amfani da R134a ne, wanda ya maye gurbin R12 da aka hana bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wasu sababbin kuma R1234yf. Kada ki yarda a ɗura wanda ba a san asalinsa ba don araha, domin kuwa akwai masu kama wuta.

Amma fa ba kullum laifin gas ba ne. Idan kina jin sanyi a kan buɗaɗɗen titi, da kin shigo ta Ƙofar Na'isa gosulo ya tsayar da ke sai iska ta yi ɗumi, to ki zargi fankar gaba, ko kuma kwandensa, wato ragar nan da ke gaban lagireto. Ƙurar hunturu da ledojin da iska ke kwasowa su kan toshe ta, wani lokacin wanki kawai take buƙata. Idan kuwa iskar da sanyinta amma ba ta fitowa da ƙarfi, matatar iska ce ta cika, wadda a motoci da yawa tana bayan aljihun da ke gaban kujerar mai zaman banza. A ƙurar Kano, ni dai a ganina a canza ta duk bayan hunturu.

Ki kuma kasa kunne. A yawancin motoci idan aka kunna esi za ki ji ɗan "ƙas" daga injin, alamar kwamfireso ya kama. In shiru, a fara duba fis kafin a aika maigida Ƙofar Ruwa sayen kwamfireso mai tsada. Ƙara kamar fito kuma bel ne ya saki.

Ruwan da kike gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota bayan kin tsaya ba matsala ba ne, raɓar esi ce. Sai in ya koma zuba a ƙafar fasinja, ga warin rima, to bututun fitar da shi ya toshe.

Saura abin da ya fi duk waɗannan. Gidajenmu na cikin gari garejinsu matsattse ne, wani ma zaure ne aka mayar. Idan aka ɗauke wuta zafi ya dame ku, kada ki kuskura ki shiga mota da yara a kunna esi alhali ƙofar gareji tana rufe. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da jiri da barci, daga nan sai dai a ɗauki mutum. Haka nan kada ki bar yaro a mota a kulle ki ce bari ki shiga gaisuwa ki fito, ko da esin yana aiki, domin injin yana iya mutuwa kina can ana hira.