Lambu A Cikin Kwalba: Wane Tsiro Ya Dace?

A shekarar 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura tsiro ya fito a cikin kwalbar da ya rufe da jiƙaƙƙiyar ƙasa a ciki, yana ta girma ba tare da ban ruwa ba. Daga nan ya ƙera akwatin gilashi. A 1833 ya aika da tsire-tsire a ciki zuwa Ostireliya, suka isa da rai bayan watanni a teku. Da irin akwatin nan aka kai dashen itacen roba daga Ingila zuwa Siri Lanka a 1876.

Asirin abin kuwa shi ne, ganye yakan fitar da danshi, danshin ya taru a jikin gilashi kamar raɓa, ya gangara ƙasa, saiwa ta sāke sha. Watau cikin kwalba kullum damina ce. Wanda ya gane wannan ba zai yi kuskuren zaɓe ba.

Sai a nemi tsiro mai halaye uku: mai son laima, mai son inuwa, mai jinkirin girma. Gansakuka ta bakin rijiya ta dace, haka kuma ƙananan tsire-tsire masu ganye kamar gashin tsuntsu, waɗanda kan fito a gindin duwatsu masu danshi.

Kada a sa ƙerana ko aguwa. Su na fako ne, ruwa suke ajiyewa a jikinsu. In aka rufe su, ruɓewa za su yi. Masara da dankali kuwa sukan cika kwalba nan da nan. Kada kuma a haɗa mai son ruwa da mai son fari wuri ɗaya, gama abin da zai raya wannan shi zai kashe wancan.

A fara zuba tsakuwa, sai garin gawayi, sa'an nan ƙasa mai taki. A ajiye inda akwai haske, amma ban da rana kai tsaye, don kada zafi ya dafa tsiron.

'Yan'uwa manoma, wannan ba ado kaɗai ba ne. Ƙungiyar da ke renon dashe ta san ɓarnar hunturu. In an kifa kwalba ko farar leda a kan yankakken reshe a inuwa, danshi ba zai gudu ba kafin ya yi saiwa. A gwada a gani.