Idan An Cire Mafitsara Saboda Sankara, Ina Fitsari Zai Bi?

Jama'ar Sabo, Agege, Idi-Araba da sauran zangonninmu na Kudu, ina yi muku sallama daga nan Garki, Abuja. 'Yan uwa da yawa kan sauka a unguwar nan idan sun zo ganin likita a Asibitin Ƙasa, kuma na lura maganar da ta fi firgita mai sankarar mafitsara ita ce a ce masa za a cire ta gaba ɗaya. Sai ka ji ya ce, "To likita, da me zan yi fitsari?" Wani daga nan ya kama hanyar gida, ba za a sake ganinsa ba sai abu ya ɓaci. Amsar tambayar tasa kuwa tana cikin cikinsa, wato hanjinsa.

Ƙoda ce ke tace fitsari, mafitsara ma'ajiya ce kawai. Shi ya sa idan an cire ta, aikin likita shi ne ya sama wa fitsarin wata ma'ajiya ko mafita. Ga hanyoyi uku da ake bi.

Ta farko, a yanko ƙaramin hanji kimanin santimita 15, a jona masa bututu biyun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, a fito da bakinsa ta fatar ciki. Fitsari na ɗiga cikin wata jaka da ake mannawa. Likita Eugene Bricker na Amurka ne ya yaɗa wannan dabara a 1950. Ta fi sauƙin yi, sai dai sayen jakar ɗawainiya ce ta har abada.

Ta biyu, a karkatar da fitsarin zuwa ƙarshen babban hanji, ya riƙa fita ta dubura. Ba ruwanka da jaka, amma sai tsokar duburar na da ƙarfin riƙewa.

Ta uku ita ce sabuwar mafitsara. Ana yanko ƙaramin hanji santimita 50 zuwa 60, a tsaga shi a tsaye, a ɗinke shi ya zama kamar 'yar jaka, a jona shi da hanyar fitsari ta asali. Ragowar hanjin a haɗe shi ya ci gaba da aikinsa. Richard Hautmann na Jamus da Urs Studer na Suwizalan ne suka inganta aikin a shekarun 1980, cibiyar Mansura ta Masar ma ta yi suna a kansa.

Kada dai a ɗauka komai zai dawo yadda yake. Sabuwar mafitsara ba ta sanar da kai ta cika irin yadda ka saba, don haka da agogo ake fitsari: da farko duk bayan awa 2 ko 3, har da dare, ana yunƙuri da tsokar ciki. Robar fitsari kan zauna kamar mako 3 bayan tiyata. Za ka riƙa ganin majina a fitsari, don hanji bai daina halinsa ba, maganinta shan ruwa da yawa. Yoyon dare kan ɗauki watanni, wasu kuma sai sun koyi zura roba da kansu. Ana kuma auna jini lokaci-lokaci, a duba ƙoda, gishirin jiki da bitamin B12. Batun alwala, malaman Malikiyya suna da sassauci ga mai yoyon fitsari, a je a tambaye su.

Ba kowa ake wa ta ukun ba. Sai ƙoda da hanta na da lafiya, kuma ciwon bai ci hanyar fitsari ba. A nan ne mu 'yan Arewa muke da matsala. A duniya shan taba ne kan gaba wajen haddasa wannan sankara, mu kuma muna da ƙarin tsargiya, wadda ake ɗauka a kududdufi, dam da fadamar shinkafa. Ƙwayayenta kan daɗe a bangon mafitsara suna yi masa illa shekara da shekaru. Wanda ya yi wankan rafi yana yaro a Sakkwato ko Kano, ya zo Legas ya shekara 30 yana kasuwa, bai tsira don ya bar gida ba.

Saboda haka, duk babban da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, kada ya tsaya wajen mai kemis ko mai tallar maganin sanyi. Ya nemi likitan mafitsara, a yi hoto, a leƙa ciki da na'ura. LUTH na nan a Idi-Araba, UCH na nan a Ibadan kusa da Sabo. Idan an kama ciwon tun bai shiga tsoka ba, sau da yawa kankare shi ake yi, mafitsarar ma ba a cire ta. Yaran da aka gano suna da tsargiya kuma a ba su praziquantel.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.