Yadda Sinadaran Roba Ke Rikita Girma da Haihuwar Ƙananan Halittun Teku

Zuplankton suna ne da masana suka ba ƙananan dabbobin da ke shawagi a teku, waɗanda igiyar ruwa ke kai su duk inda ta nufa. Mafi yawansu su ne kofifod, dangin jatan lande da tsawon yawancinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, sai kiril, su ma dangin jatan lande, da 'ya'yan kifi da na ƙaguwa. Suna kiwon tsirran ruwa da ido ba ya gani, su kuma kifaye irin su sadin da shawa da taitus su ci su. Duk abin da ya taɓa su, ya taɓa cimar teku tun daga tushe.

Roba ba zallarta ake sarrafawa ba. Ana amfani da sinadarin BPA wajen yin roba mai tauri da shafen cikin gwangwani, ana kuma zuba wa robar PVC sinadaran fatalet don ta yi laushi. Idan rana da igiyar ruwa suka cinye robar da ta faɗa teku, sai ta farfashe zuwa ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba, sinadaran kuma su tsiyaye cikin ruwa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 na shara ta roba ne suka shiga teku daga tudu a shekarar 2010 kaɗai. Manyan koguna, ciki har da Kogin Neja, na daga cikin hanyoyin da take bi.

Ɓarnar sinadaran ta fi fitowa ta wajen homon, wato ɗan saƙon da jiki ke aikawa a san lokacin girma da na haihuwa. Tun a shekarun 1930 aka gano BPA na kwaikwayon homon mata. Shi kofifod ɓawo ne da shi, ba ya girma sai ya yi saɓa kamar maciji, har sau 11 kafin ya balaga, kuma homon ikdaison ne ke ba da umarnin kowace saɓa. Gwaje-gwaje sun nuna BPA da danginsa kan tsoma baki a wannan umarni, saɓar ta jinkirta, balaga ta yi latti. Dabbar na iya rayuwa, amma zuriyarta ta ragu.

Ɓurɓushin kansa wata matsala ce. A 2013, Matthew Cole da abokan aikinsa a Plymouth ta Ingila sun nuna zuplankton iri-iri na haɗiye shi. A 2015 suka gano cewa kofifod da aka cakuɗa wa abinci da ƙwayoyin roba ya rage cin abinci, ƙwansa ya ƙanƙance, waɗanda suka ƙyanƙyashe kuma suka ragu. Kashin waɗannan halittu, wanda ke nitsewa da sinadarin kabon zuwa ƙasan teku, yakan yi sauƙi idan da roba a ciki, nitsewarsa ta yi jinkiri.

Yawancin gwaje-gwajen an yi su ne da adadin roba da sinadaran da ya ɗara na tsakiyar teku, saboda haka haɗarin ya fi kusa a bakin koguna da gaɓar manyan birane, inda shara ke taruwa kuma kifi ke renon 'ya'yansa.

Tarayyar Turai ta haramta BPA a kwalaben shayar da jarirai a 2011, ta faɗaɗa haramcin zuwa marufin abinci a ƙarshen 2024. A Maris 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi su tsara yarjejeniyar daƙile gurɓatar roba, amma zaman tattaunawa na birnin Busan na 2024 da na Janiba na 2025 sun tashi ba tare da matsaya ba. Batun ƙayyade sinadaran da ake zuba wa roba na cikin abubuwan da aka kasa daidaitawa a kai.